Aikin adana takardu da bayanai: ta wace ƙofa ake shiga, kuma me ake koyo

Yawancin ma'aikatan gwamnati a Najeriya suna ajiye aiki ne idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Ranar da aka zo lissafin fansho da giratuti, fayil ɗin mutum ake buɗewa: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, takardun ƙarin girma bi da bi, da shaidar haihuwa. Idan ɗaya ta yi ɓatan dabo, ko ranar haihuwar da ke shafi na 3 ta saɓa wa ta shafi na 40, to dattijo ya shiga zirga-zirga ke nan, wata da watanni. Ma'aikacin adana bayanai shi ke tsaye tsakanin mutane da irin wannan wahala. Ana yi masa kallon mai gadin takarda, alhali abin da ake biyansa ya yi ya fi haka: ya fito da takardar da ake nema cikin 'yan mintuna, ya iya nuna cewa ta asali ce ba a taɓa ta ba, ya kuma san ranar da amfaninta zai ƙare da abin da za a yi da ita a ranar.

Kuskuren da masu sha'awar aikin suka fi yi shi ne sayen fom tun ba su san inda suke son zama ba. Sana'ar ɗaya ce amma ƙofofinta uku ne, asibiti da rajistar ofis da taskar tarihi, kuma shaidar karatun da ta buɗe wannan ba lallai ta buɗe waccan ba.

Ƙofar asibiti

Ita ce mafi tsari, domin doka ce ta kafa mata hukuma tun 1989, wato HRORBN, mai yi wa jami'an bayanan lafiya rajista da ba su lasisi. Kwas ɗin shi ne kula da bayanan lafiya, wanda ɗalibai ke kira HIM. Ana yin ƙaramar difloma ta shekara 2, a fita aikin sanin makama na shekara 1, a dawo a yi babbar difloma ta shekara 2, sannan hidimar ƙasa. Asibitocin koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri duk suna da makarantun wannan fanni, haka ma kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohi da dama. Galibi ana neman kiredit 5 a zama ɗaya ko biyu: Turanci, lissafi, da darussan kimiyya. Wanda ya yi ajin adabi ko na kasuwanci a sakandare ya duba wannan da kyau kafin ya kashe kuɗinsa.

Kafin biyan kuɗin makaranta a tabbatar da abu biyu, kuma kada a wadatu da abin da ke rubuce a allon bakin ƙofa. Shin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha mai hedikwata a Kaduna, ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar? Shin hukumar lasisi ta san da makarantar, tana kuma shigar da sunayen ɗalibanta a kundinta? Makaranta kan samu amincewa a kwas ɗaya ta rasa a wani, ko ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka yanka mata. Ɗalibin da sunansa bai shiga kundin hukuma ba zai gama karatu lafiya, ya zo jarrabawar lasisi a ce ba a san shi ba.

Mutane sun san sashen adana bayanai na asibiti da sunan ɗakin kati, kuma abin da suke gani taga ce da layi. Bayan tagar ne aikin yake. Kowane majiyyaci lamba ɗaya yake da ita har abada, ko sau nawa ya zo, ko wane sashe ya je. A manyan asibitoci ba a jera fayiloli daga 1 zuwa sama, daga wutsiyar lamba ake farawa. Fayil mai lamba 24-67-15, sai ka nufi kanta ta 15, a cikinta ka nemi rukuni na 67, sannan ka zaro na 24. Dalili kuwa, in aka jera su a miƙe, duk sababbin fayiloli ƙarshen ɗaki za su taru, ma'aikata biyar su cunkushe a lungu guda suna gogar kafaɗa. Jeri daga wutsiya yana raba su daidai a kantoci 100, daga 00 zuwa 99. Duk fayil ɗin da ya fita kuma, a soka kati a gurbinsa ɗauke da ranar fita da sashen da ya tafi da sunan wanda ya ɗauka. Ranar da aka fara barin wannan katin saboda sauri, ranar fayiloli suka fara ɓata.

Babban ciwon kai a asibitocin ƙasar Hausa shi ne suna. A gari guda za a samu Aisha Muhammad ɗari, ga Muhammad da Mohammed da Muh'd da Mamman duk mutum ɗaya, ga matar da aka rubuta da sunan mahaifi a zuwan farko, da sunan miji a na biyu. Mutum ya manta katinsa a gida, akawu ya ga layi ya yi tsawo, sai ya buɗe masa sabon fayil. Yanzu yana da biyu, kuma bayanin cewa jikinsa ba ya karɓar wani magani yana cikin wanda likita bai gani ba. Maganin abin, kada a buɗe sabo sai an bincika kundin sunaye da aƙalla abubuwa uku: suna ta duk hanyoyin rubuta shi, unguwa ko lambar waya, da sunan makusanci. In an gano biyu, a haɗe su ƙarƙashin tsohuwar lamba, a bar alama a sabuwar mai nuna inda aka koma.

Mai difloma ba ya tsayawa a jera fayil. Zai koyi sunayen sassan jiki da na cututtuka, domin shi ke mayar da rubutun likita zuwa lambobin cututtuka na ICD-10, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya: hawan jini I10, ciwon sukari nau'i na biyu E11, sikila D57, zazzaɓin cizon sauro da ba a fayyace nau'insa ba B54. Sabon bugu, ICD-11, ya fara aiki a 2022, don haka mai shigowa yanzu zai yi mu'amala da duka biyun. Shi ne kuma mai ƙididdiga. Ɗaki mai gado 30 a wata mai kwana 30 yana da kwanan gado 900. In jimillar kwanakin da majiyyata suka yi ta kama 720, cikar gado kashi 80 cikin 100 ke nan. In mutum 120 ne suka bar ɗakin a watan, har da waɗanda suka rasu, matsakaicin zama kwana 6 ne. Rahoton wata-wata yana hawa manhajar DHIS2 da ma'aikatun lafiya ke amfani da ita, kuma wanda ya iya ta sosai yana da kasuwa har a ƙungiyoyin agaji masu ayyukan rigakafi da na abinci mai gina jiki.

Ƙofar rajista

A nan babu lasisin dole, shi ya sa rajistar ma'aikatu da yawa take cike da akawuna da aka turo ba tare da horo ba, wani lokaci ma a matsayin horon ladabtarwa. Wannan ne ya zubar da darajar wurin, kuma shi ne damar mai ilimin abin, don ba ya daɗewa bai fita zakka ba.

Hanyar karatu mafi kusa ita ce digirin kimiyyar laburare da bayanai, shekara 4 ta jarrabawar JAMB, ko shiga aji biyu kai tsaye ga mai difloma ko NCE. Sashen Jami'ar Ahmadu Bello ya fara tun 1968, na Jami'ar Bayero ya biyo a 1977, akwai na Maiduguri, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN ga wanda ke aiki ba zai iya barin kujerarsa ba. Sai dai a sani, kaso mafi yawa na wannan digiri laburare ne. Darussan adana takardun ofis kaɗan ne a ciki, don haka wanda ya nufi rajista ya zaɓi duk wani darasin zaɓi da ya shafe su, ya yi aikin sanin makamarsa a rajistar ma'aikata ko kotu ko banki maimakon ɗakin karatu, ya kuma rubuta kundin kammala karatunsa a kan fannin. Masu wannan digiri suna rajista da LRCN, hukumar rajistar ma'aikatan laburare da aka kafa a 1995. A kwalejojin fasaha kuwa, kwas ɗin fasahar ofis da ake kira OTM yana da darasin adana takardu a ciki. A aikin gwamnatin tarayya mai ƙaramar difloma kan fara a matakin albashi na 06, mai digiri ko babbar difloma a na 08. Wanda ya riga ya tsinci kansa a rajista ba da shiri ba, ya nemi ofishinsa ya tura shi gajeren kwas a ASCON, kwalejin horas da jami'an gudanarwa da ke Badagry, ko Cibiyar Horas da Ma'aikata ta Abuja.

Rajista iri biyu ce, buɗaɗɗiya da ta sirri, kuma ba a kai sabon shiga ta biyun sai an ga kamun ludayinsa. Ga yadda wasiƙa ke tafiya a rajistar da ke aiki. Ta iso, a buga mata hatimin ranar karɓa, a shigar da ita littafin wasiƙun shigowa: lamba, rana, daga ina, a kan me. A nemo fayil ɗin da ya dace da batunta, a huda ta a kusurwar hagu ta sama, a zura a igiyar fayil, a rubuta mata lambar shafi a kusurwar dama, mai bin ta ƙarshe. Sannan a rubuta a bangon fayil wanda za a kai wa, a shigar a littafin zirga-zirgar fayil, masinja ya kai, mai karɓa ya sa hannu. In fayil ɗin ya dawo, a duba umarnin jami'i na ƙarshe. P.A. na nufin an gama, a mayar kanta. B.U. da kwanan wata na nufin a sake kawo masa a ranar, kuma wannan sai an rubuta a littafin kwanaki, in ba haka ba babu mai tunawa. K.I.V. kuwa, wato a riƙa lura da shi, a nan fayiloli da yawa ke yin barcin da ba tashi, don ba shi da rana. Akawu mai wayo yakan roƙi jami'in ya sa masa rana.

Lambar shafi ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci. Ita kaɗai ke tona cewa an zare takarda: in 56 ta bi 54, an san akwai magana. Fayil ɗin da ba a yi wa lamba ba kowa na iya cirewa ko cusa abin da ya ga dama. In fayil ya yi kauri kamar santimita 3, a rufe shi a buɗe juzu'i na biyu da lamba ɗaya, a rubuta ranar rufewa a bangon na farko, domin daga wannan ranar ake ƙirga shekarun ajiya. Sai fayil na wucin gadi, wanda ake buɗewa in an nemi na asali an rasa. Ba laifi ba ne, amma a rubuta shi a littafi na musamman, kuma ranar da na asali ya bayyana a haɗe su. In aka bari, sai batu ɗaya ya rabu gida biyu, shugaba ya yanke hukunci da rabin labari. Sau ɗaya a mako ko biyu a zaga ofisoshi da takarda a rubuta kowane fayil da ke kan kowane tebur. Manya ba sa son wannan zagaye, amma a durowarsu ake samun yawancin abin da aka ce ya ɓata.

Abin da ya raba ƙwararre da akawu shi ne jadawalin ajiya: takarda mai nuna kowane irin bayani, shekara nawa za a riƙe shi, daga yaushe ake ƙirge, da makomarsa, ko ƙonawa ko miƙawa taskar tarihi. Ba a ƙago adadin daga ka. Doka ake dubawa, da bukatar masu binciken kuɗi, da yiwuwar shari'a. Dokar kamfanoni, alal misali, ta ce a riƙe littattafan lissafin kuɗi shekara 6. Takardun fili da na fansho kuwa ba a gaggawa da su ko kaɗan. Kuma ko wa'adi ya cika, ba a lalata komai sai da jerin abin da za a lalata, da sa hannun mai iko, da shaidar cewa an yi. Takardun ofis da ake gani an naɗe ƙosai da tsire da su a bakin titi, da sunayen mutane da albashinsu a jiki, daga wurin da ba a bi wannan matakin ba suka fito.

Ƙofar taskar tarihi

Wannan ƙofa ƙarama ce, guraben aikinta kaɗan ne, kuma ta fi dacewa da mai digirin tarihi ko Larabci ko laburare da ya ƙara digiri na biyu a fannin adana kayan tarihi, wanda ake yi a Zariya da Ibadan. Taskar Tarihi ta Ƙasa ta samo asali a 1954 a hannun masanin tarihi Kenneth Dike, manyan rassanta suna Ibadan da Inugu da Kaduna, kuma dokar 1992 ce ke tafiyar da ita. Reshen Kaduna na riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ga Gidan Arewa a Kaduna, da hukumar tarihi ta Kano, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda ya iya karanta rubutun hannu na warash da ajami yana da abin da mai digiri uku ba lallai ya samu ba, kuma almajiran zaure da suka haɗa da boko ba su cika sanin cewa ana neman irinsu ba. Ɗan Nijar mai son fannin, makarantar da ta yi suna a ƙasashe masu amfani da Faransanci ita ce EBAD ta Jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar.

Ko a wace ƙofa mutum yake, zai yi yaƙi da gara da ɓera da kyankyaso da laima. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako, a ɗaga ta daga ƙasa kamar santimita 15, a janye ta daga bango, kada a sa ta ƙarƙashin bututun ruwa ko rufin da ke yoyo. Damina na kawo funfuna, hunturu na busar da takarda har ta riƙa karyewa, ƙura kuma ba ta da lokaci. A cire fil da ƙusar maƙala takarda daga duk abin da zai daɗe, don tsatsa na cin takarda. Kada a liƙe yagewa da salatif, kada a yi wa takardar asali laminatin: zafi da gam suna shiga jikinta, kuma ba a iya warwarewa. Rasiɗin POS da ire-irensa rubutunsu na gogewa da kansa, a yi musu kwafi tun suna sababbi.

Kwamfuta ba ta gyara hargitsi

Ma'aikatu da asibitoci da bankuna suna komawa fayil na kwamfuta, kuma a nan sababbin guraben suke. Amma ofishin da ya ɗauki hoton takardun da ba a tsara ba, ya mayar da tarin shara na ɗaki zuwa tarin shara na kwamfuta ne kawai, wanda ma ya fi wuyar tonawa. Tsari ke gaba: a tace, a fitar da kwafe-kwafen banza, a jera, a yi lamba, sannan a kunna sikana. Ga takardun rubutu, ƙarfin hoto 300 dpi ya wadatar, a ajiye a tsarin PDF/A in abin mai daɗewa ne. A sa wa kowane fayil suna iri ɗaya, a fara da shekara, wata, rana, kamar 2024-03-07, domin kwamfuta ta jera su da kanta. Wani daban ya bi bayan mai ɗaukar hoton yana gwada adadin shafuka da na asali, don sikana kan haɗiye shafi biyu a tashi ɗaya ba ta faɗa ba. Kwafi uku ake ajiyewa, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da su. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba, ba a san ko yana nan ba.

Abin da za a nema a hannunka a nan: Excel sosai, ba buɗewa da rufewa ba, har tacewa da gano suna biyu masu kama, saurin buga rubutu ba kuskure, sanin yadda ake raba izini, wane ya gani, wane ya gyara, da fahimtar ISO 15489, ma'aunin duniya na adana bayanai, wanda ya ce bayani nagari sai ya zama na gaske, abin dogaro, cikakke ba a taɓa ba, kuma mai samuwa in an nema. Shaidun ƙwarewa na ƙasashen waje irin CRM ta Amurka suna da daraja a kamfanonin mai da ƙungiyoyin duniya, amma da dala ake biya, jarrabawar kashi 6 ce, kuma suna neman gogewar aiki. Ba da su ake farawa ba.

Dokoki huɗu ya kamata su zauna a kanka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa mai nema, ta kuma tanadi ɗaurin aƙalla shekara 1 ga jami'in da ya lalata ko ya sauya takarda da gangan. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ita ke faɗin sharuɗɗan karɓar abin da kwamfuta ta fitar a kotu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majiyyaci. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta ce in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da NDPC, hukumar kare bayanan mutane ta ƙasa, cikin awa 72. Wannan ta ƙarshen ta buɗe sabon gurbi, na jami'in kare bayanai, kuma mai gogewar rajista yana da rabin ilimin tun kafin ya shiga aji. Jarrabawar sirri dai ba a kotu take zuwa ba. Maƙwabci ne zai tare ka bayan sallar isha'i, ya ce don Allah ka ɗan duba masa sakamakon gwajin yarinyar da ɗansa zai aura, ko abokin aiki ya ce ka ɗaukar masa hoton shafi guda a waya. Amsar ita ce mai bayanin ya zo da kansa, ko a kawo izininsa a rubuce.

Wanda ya gama karatu yana jiran aiki, kada ya jira da hannu biyu a aljihu. Makarantar Islamiyya ta unguwa, ƙaramin asibiti mai zaman kansa, ƙungiyar 'yan kasuwa, duk suna da kwalaye da buhunan takardu da ba mai iya shiga. Ka nemi izini ka ɗauki ɗaya. Ka auna tsawon takardun da mita in an jera su, ka rubuta ire-irensu da shekarun da suka ɗauka, ka tsara musu rukuni da lamba, ka yi kundin nema a Excel, ka rubuta jadawalin ajiya na shafi ɗaya. Kafin ka fara, ka sa mai wurin ya nemo takardu 10 ka riƙe agogo, bayan ka gama a sake. Ranar ganawar ɗaukar aiki, ka tafi da kundin da jadawalin da waɗannan lambobi biyu na agogo, bayan ka goge sunayen mutanen da ke ciki.